Kusurwa ta Huɗu

Zuwa ga ƙanena, Fasto,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da kai da mai ɗakinka da yara, da tumakin da aka ba ka kiwo. Mu dai ga mu nan yadda ka sani.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali gari ɗaya muke. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na ga in na ji muryarka ihu zan yi, kai kuma ka yi mini shirun nan naku na fastoci, mu rabu ba a yi komai ba. Gara in rubuta.

Maganar ɗana Dogo ce, wanda kai ma ɗanka ne. Tun da ya faɗo daga rufin makarantar nan da muke yi wa aiki, bai ƙara furta kalma ba, ɓarin jikinsa na dama kuma ya shanye. Jiya likita ya ja ni gefe, ya cire tabarau yana ta gogewa, ya ce duk abin da muke da niyyar yi masa mu yi, kada mu jira. Na gane yarensa.

Abu ɗaya nake so. A mayar da Dogo cikin 'yan ikilisiya, a ba shi Jibin Ubangiji kafin ya tafi. Ban manta abin da ya yi ba. Ranar da aka binne 'yarsa ya miƙe a tsakiyar majami'a ya ce shi ya gama da addu'a, babu mai ji. Dattawa suka sa shi a horo, suka ce ba zai ƙara kusantar teburin ba sai ya tsaya gaban jama'a ya janye maganar da bakinsa. Da bakinsa! To ga bakin nan, yanzu da cokali ake buɗe shi. Na aika wa sakataren dattawa, ya ce ƙa'ida ba ta canja ba don mutum ya kwanta.

Ni ba malami ba ne. Sakandare kawai na yi, ita ma rabin hankalina yana kan tsani. Amma rufin rabin gidajen unguwarku aikin hannuna ne, har da wanda kake wa'azi a ƙarƙashinsa, bai kuwa taɓa ɗiga maka ruwa a ka ba. Saboda haka idan labari ya zo kan rufi, ina da bakin magana.

Ka san labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, suka rasa hanyar shiga, suka fasa rufi suka zura shi a gaban Ubangiji. Tun muna yara ana koya mana wai darasinsa shi ne kowa ya ba da gaskiya ya sami gafara. Na koma na karanta shi da yatsa a kan layi. Ƙanena, mutumin nan bai ce uffan ba. Ba a tambaye shi ko ya tuba ba. Wa ya sani ko a zuci ma zaginsu yake yi don sun jijjiga shi a hanya? Bangaskiyar da Ubangiji ya duba ta masu ɗaukar ce, a kanta aka yafe wa na kwance.

Sannan su wa suka tare ƙofa? Ba mashaya ba ne, ba 'yan caca ba ne. Masu sauraron wa'azi ne, mutanen kirki, kowa ya sami wurinsa ya kafe, ba wanda ya matsa. Kuma duk wanda ya taɓa fasa rufi ya san ba a yin sa a ɓoye. Ƙasa ce ke fara zubowa a kan manyan da ke zaune a gaba, ana bugu, ana tari, wa'azi ya tsaya. Ubangiji bai tsawata wa kowa ba. Jira ya yi har suka gama ɓarnarsu.

Ka karanta wa dattawanka wannan. Ina jiran amsarka, kuma ka san ban iya jira ba.

Ka gaida gida.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Alheri da salama su tabbata a gare ka. Na sami wasiƙarka, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka gaishe mini da Maman Dogo da matarsa. Shi kuma ka riƙe hannunsa ka ce babansa ƙarami yana gaishe shi.

Yaya, Dogo ɗana ne. Ni na yi masa baftisma, ni na ɗaura masa aure, ni na sa 'yarsa a ƙasa. Kada ka yi mini magana kamar baƙo ne ni a wannan ciwon.

Maganar ƙasa da ke zubowa a kan na gaba, ka fi ni sani, ban kuma taɓa lura da ita ba. Maganar masu tare ƙofa ta taɓa ni fiye da yadda zan so in faɗa. Amma na kai batun gaban dattawa, sun ƙi, kuma ba zan ɓoye a bayansu ba, ni ma ina da tawa damuwar.

Abin da ikilisiya take koyarwa shi ne, cikin bangaskiyar da Ubangiji ya gani har da ta mai kwancen, tun da ya yarda aka ɗauko shi. Ba wanda yake gaskatawa a madadin wani, kamar yadda ba wanda yake numfashi a madadin wani. In da ana iyawa, da iyayenmu sun gama mana tun ba a haife mu ba.

Ga kuma abin da ya fi hana ni sakewa. Lokacin da Dogo yake da baki, a'a ya ce. Ya faɗe ta a tsaye, da hankalinsa, da ciwonsa. Na je wajensa ba sau ɗaya ba, ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka." Yanzu da bakin ya rufe, sai mu zo mu sa masa i a ciki? Wannan jinƙai ne, ko cin zalin wanda ba ya iya ture hannunmu? Kai da kanka ka raine shi a kan kada ya faɗi abin da ba shi ne a ransa ba. Shi ya sa ma ya miƙe ran nan, wani da ya yi shiru ya ci gaba da karɓar gurasa.

Zan zo in yi masa addu'a kowace rana in ka bar ni in shiga. Rahamar Allah ba ta tsaya a bakin teburinmu ba, wannan na gaskata da dukan zuciyata. Amma teburin kansa amana aka ba ni, ba nawa ba ne.

Ka yi haƙuri da ni.
Ƙanenka a cikin jiki da cikin Ubangiji.

*

Malam Fasto,

Na gaishe ka. Gida lafiya, sai wanda ba shi da ita.

Na ga amsarka, an yi rubutu mai kyau, ba gogewa ko ɗaya. Wato ba wanda yake gaskatawa a madadin wani. To me kuke yi kowace Lahadi da kuke miƙewa kuna roƙo domin marasa lafiya da matafiya da masu mulki? Kun tambaye su? Shekarar da ƙafarka ta kumbura, ni na riƙa goya ka zuwa makaranta, kana kuka kana dukan ƙeyata kana cewa ba ka zuwa. Ban tsaya neman yardarka ba. Ga shi yau kai ne mai karatun, kana karanta mini ƙa'ida.

Ka ce mai kwancen ya yarda aka ɗauko shi. A wane layi? Nuna mini. Ku kuka ƙara wannan don labarin ya zauna daidai cikin koyarwarku, kamar kafintan da ya yanka katako ya gaza, ya cusa guntu a ƙasa ya shafe da fenti. Ni in ma'aikacina ya yi mini haka, ranar zai bar aiki.

Addu'arka ta kowace rana, na gode, ajiye ta. Ba ziyara na roƙa ba.

Ga abin da zan yi, ina faɗa maka tun da wuri don kada a ce na yi muku ba-zata. Ranar Lahadin da za a ba da Jibi, zan sa a kawo Dogo a motar kaya. Ina da ƙarti a wurin aiki waɗanda ke ɗaukar bandir ɗin kwano kamar tabarma. Zan zaɓi huɗu, in biya su aikin yini, su shigo da shi har gaban teburin su ajiye. In dattawanka suka tare ƙofa, ni na kafa kwanon nan, na san inda kowace ƙusa take. Ka san kuma ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Shi ke nan.
Yayanka, ko kana so ko ba ka so.

*

Zuwa ga Baba Fasto,

Ina gaisuwa da ladabi, tare da fatan kuna lafiya da Mama da ƙannena. Ni ce matar Dogo. Ku yafe mini shiga maganar manya. Baba, yayanku, bai san na rubuto ba.

Ya karanta mana wasiƙarku a falo da ƙarfi, yana yi yana amsa muku kamar kuna zaune a wurin. Daga baya ya kira ni ya ce in rubuto muku in ce Dogo ya yi alamar tuba, wai ai ni ce kullum a kansa, za ku yarda da ni. Na ce ba zan iya ba. Tun ran nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Baba Fasto, gaskiyar ita ce ban sani ba. Na tambaye shi. Na ce in yana so a kai shi majami'a ya matse hannuna. Wata rana ya matse, wata rana bai matse ba, wata rana kuma ina tambayarsa ko in buɗe taga ne ya matse. Idan na yi waƙar sujada ina goge masa jiki, hawaye kan zubo masa, amma idon nan na dama ko ba waƙa yana zubar da ruwa. Ba zan yi masa ƙarya ba. Bai taɓa yi mini ba, ko a ranar da na fi son ya yi.

Ni dai ban daina addu'a ba. Yarinyar da muka binne tawa ce ni ma. Shi ya ajiye addu'a, ni na riƙe, ba mu taɓa faɗa a kai ba. Yakan ce, "Ki yi mana, ke da ake ji."

Akwai abin da nake so ku sani game da Baba, ba don in kai ƙararsa ba. Ya sayo gadon asibiti mai tashi da kansa. Ya ɗauko ma'aikacin jinya. Ya sa an fasa bango an faɗaɗa ƙofar banɗaki. Ba abin da muka nema muka rasa. Amma tun ranar da aka dawo da Dogo gida, Baba bai taɓa jikinsa ba. A bakin ƙofar ɗaki yake tsayawa, hannu a baya, yana ba da umarni kamar a wurin gini: ku ɗaga kansa, matashin nan ya karkace, wa ya bar labule haka? Idan za mu juya shi sai ya fita duba mota. Ba ƙyama ba ce, na san ba ita ba ce. Ina jin tsoro yake ya ji yadda ɗansa ya koma.

Dogo kuwa idonsa na hagu yana bin sa har ya fita. Wannan kam na tabbata.

Ku sa mu a addu'a. Na gode.
'Yarku.

*

Yayana,

Salama a gare ka da dukan gida.

Ka ce in nuna maka layin da mai kwancen ya yarda. Na duba, babu. Na duba littattafan da na yi karatu da su, duk sun ce tabbas ya yarda, ba wanda ya nuna inda aka rubuta. A wannan na ba ka gaskiya. Bai kawar da tambayata a kan a'ar Dogo ba, amma na ba ka.

To bari in bi ka a kan karatunka, ba nawa ba. Ka ce bangaskiyar masu ɗauka aka duba. In haka ne, Yaya, me Ubangiji zai gani ranar Lahadi idan ya ɗaga ido? Ƙarti huɗu da aka biya aikin yini, suna duba agogo, da wani mutum a bayansu, hannu a baya, yana cewa ku yi a hankali. Mutanen labarin nan ba aike suka yi ba. Igiyar a tafin hannunsu ta ci. Nauyinsa a kafaɗarsu ya sauka, warin ciwonsa a hancinsu. In akwai bangaskiyar da ake yi a madadin wani, ina jin a nan take zama, ba a takarda ba, ba a bakin ƙofa ba.

Ba gori nake yi maka ba. Na tuna goyon da ka yi mini, har yau ina jin ƙashin bayanka a ƙirjina. Mutumin nan nake tambaya ina ya shiga.

Dattawa sun ji maganar ɗaukar guduma ka ɓanɓare rufin. Sun ce duk wanda ya taimaka aka shigo da wanda ke ƙarƙashin horo gaban teburin, shi ma ya shiga horo, ko wane ne. Da suka ce ko wane ne, ni suke kallo.

Ƙanenka.

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da mai ɗakinka, da yara. Ka ga na yi jinkirin amsa. Takardarka ta kwana biyu a aljihuna, na yi niyyar in yayyaga ta, ban yi ba. Na san wadda ta ba ka labarin bakin ƙofa. Ban yi mata faɗa ba. Yarinyar nan ta fi mu ni da kai.

Shekaranjiya da safe ma'aikacin jinya ya makara, lokacin juya Dogo ya yi. Matarsa ta tsaya ta dube ni. Na shiga. Ta nuna mini inda zan sa hannu, ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Na tattara ƙarfi kamar zan ɗaga ginshiƙi, don yaron nan ka san shi, shi kaɗai yakan hau tsani da katakon da mutum biyu ke ɗauka. Sai ya taso a hannuna kamar buhun da aka zazzage. Saura kaɗan in faɗi da baya. Ban san lokacin da na zauna a bakin gadon da shi a ƙirjina ba. Ta fita ta ja mana ƙofa.

Ka tambaye ni a kan a'arsa. Na yi ta juya maganar, ba ni da amsar makaranta. Abin da na yi shi ne na gaya masa. Na ce, "Dogo, ka ce ba ka gaskata ba, ban zo in ce ka canja ba, ba kuma wanda zai miƙe ya ce ka faɗi abin da ba ka faɗa ba. Kwanta abinka. Mu za mu gaskata, mu kai ka mu ajiye. In akwai mai ji, sai ku ƙarasa maganarku kai da shi." Bai matse hannuna ba, kada ka ce na ce ya matse. Kallona kawai ya yi. Amma bai kawar da ido ba.

Na sallami maganar ƙarti. Na shiga shago da kaina na haɗa abin ɗauka da farin katako mara nauyi, na goge hannayensa da sanfefa har sai da suka yi santsi, don akwai mata a cikin masu riƙewa. Mota za ta kai mu bakin harabar, daga nan da ƙafa.

Ni zan riƙe kusurwar kai ta dama. Matarsa ta ɗauki ta ƙafa. Uwarsa ta ce ɗayar ta ƙafa tata ce. Na ce gwiwarki fa? Ta ce ita ta ɗauke shi tun ba wanda ya san fuskarsa, ba ni zan koya mata nauyinsa ba. Na bar mata.

Saura ɗaya. Mun gwada a tsakar gida mu uku, da buhun yashi a kai, ya karkace. Na kama biyu ni kaɗai, ya fi karkacewa. Ni da na ce ba abin da hannuna bai iya ba, na auna ta kowace fuska, abin nan ba ya tafiya sai da mutum na huɗu. Ina da ma'aikata, ina da maƙwabta da za su zo in na kira. Ban kira kowa ba.

Na san abin da dattawa suka ce, na san kuma gidan da kuke ciki na ikilisiya ne, da makarantar yaranka. Ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Ban taɓa roƙon mutum ba tun da na fara riƙe guduma, ban ma san yadda ake fara shi ba. Numfashin Dogo ya fara canjawa. Lahadin nan ce, ba na jin akwai wata.

Kusurwar kai ta hagu ba kowa.

Yayanka.

*

Yaya,

Salama.

Har yanzu ban yarda da karatunka duka ba, kuma ban san abin da hannuna zai yi da gurasar ba idan mun ajiye shi a gaban teburin. Na gaya wa dattawa inda zan tsaya ranar Lahadi. Sun ce in zo da mabuɗan ofis, na ce to.

Ka bar gudumarka a gida, damina ta kusa. Ta ƙofa za mu shiga.

Sai dai mu yi musanya, ka ba ni kusurwar dama, kai ka riƙe ta hagu. Kafaɗata ta wancan gefen ba ta da ƙarfi, kada in karkatar muku da shi.

Zan iso da wuri, ka nuna mini yadda ake riƙewa.

Ƙanenka.